Kufai da masu kallonsa: daga birnin Rum zuwa Agadas da Damagaram

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama domin juya rubutun tarihi daga Faransanci zuwa Hausa, kamar yadda muka saba yi a cikin waɗannan takardu, ya san wahalar da kalmomi biyu suke bayarwa: ruines da monument historique. Ta farko mukan fassara ta da kufai ko kango, mu wuce. Ta biyu kuwa sai an yi kewaye, a ce ginin tarihi, ko tsohon ginin da hukuma ta keɓe. Amma ko ta farkon ma fassarar ba ta cika ba. Bafaranshen da ya ce zai tafi Italiya ganin ruines yana nufin abu mai daraja, wanda ake biyan kuɗin jirgi da na masauki domin a tsaya gabansa. Bahaushe in ya ce kufai yana nufin wurin da mutane suka tashi: ƙasarsa ta sha taki, gero yakan yi kyau a kai, makiyayi yakan ratsa shi da rana, da dare kuwa a kauce masa saboda iskoki. Kango kuma gida ne da rufinsa ya faɗi, kuma in aka ce gidan wane ya zama kango, ba yabon wane aka yi ba.

Abin da muke son nunawa a wannan maƙala shi ne cewa tsayawa gaban rusasshen gini domin kallo al'ada ce mai tarihinta: an san inda ta tsiro, an san lokacin, har ana iya faɗin watan da ta iso ƙasarmu. Ta zo da mudunta, wanda aka yanka daidai da duwatsun birnin Rum, kuma da wannan mudu ne aka yi shekara fiye da ɗari da hamsin ana auna abin da ya cancanci kallo a Nijar. Awon bai tsaya ga baƙi ba. Ya shiga littattafan makaranta, ya shiga jerin wuraren da hukuma ke nema wa kariya, ya shiga har batutuwan da ɗalibanmu ke zaɓa domin kundin kammala karatu.

1. Lokacin da Rum take kufai

Akwai wani zato da ya kamata mu kawar tun da wuri, domin muna yawan jin sa a aji: wai Turawa tun asali masu tattalin abin da kakanninsu suka bari ne, mu kuwa masu sakaci. Tarihin birnin Rum da kansa ya ƙaryata wannan. Dandalin da ake kira Forum, inda majalisar dattawan daular take zama, ƙasa ta binne shi bayan faɗuwar daular, har mutanen birnin suka koma kiransa Campo Vaccino, wato filin shanu, kuma da wannan suna aka san shi har ƙarni na 19 da aka shiga tona shi gadan-gadan. Babban gidan wasan nan, Kolise, da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya, ya yi ɗaruruwan shekaru yana zaman mahaƙar dutse: manyan gidajen birnin, har da su Paparoma, suna aika ma'aikata su ɓamɓaro duwatsunsa don gina fadodi da majami'u. Sai a 1749 ne Paparoma Benoît na 14 ya keɓe wurin da sunan tunawa da Kiristocin da aka ce an kashe a cikinsa. Ginin da ya iso mu kusan yadda yake, wato Panteyon, ya tsira ne saboda an mayar da shi majami'a a shekara ta 609, aka ci gaba da shiga ana ibada, ana toshe duk inda ya yi yoyo. Ke nan mutumin Rum na shekara ta 1400 da manomin ƙasar Gobir ra'ayinsu ɗaya ne game da kufai: wurin kiwo ne da ɗibar kayan gini, kuma ginin da ake shiga shi ake gyarawa.

Sauyin ya zo a hankali, ya kuma kankama a ƙarni na 18, lokacin da ƴaƴan manyan Ingila suka mayar da zagayen Italiya wani sashe na karatunsu. An fara tonon birnin Pompeyi a 1748. Masanin tarihi Edward Gibbon ya ba da labarin cewa tunanin rubuta tarihin faɗuwar daular Rum ya zo masa ne ranar 15 ga Oktoba 1764, yana zaune cikin kufan birnin. A Faransa kuwa ɓarna ce ta haifi tattali. Bayan juyin juya hali na 1789 an sayar da majami'u da gidajen ibada masu yawa. Ta Cluny, wadda ta daɗe tana ita ce mafi girma a Turai ta yamma, ƴan kasuwar dutse suka saye ta suka rushe. A 1794 Abbé Grégoire ya ƙago kalmar vandalisme domin sukar wannan aiki. A 1830 Guizot ya kafa muƙamin sufeton gine-ginen tarihi, Prosper Mérimée ya karɓe shi a 1834, jerin farko ya fito a 1840. A 1864 kuma Thomas Cook ya kai ayarinsa na farko Italiya, kallon kufai ya zama haja mai farashi.

Daga wannan tarihi ne mudun ya fito. Abin kallo shi ne ginin dutse, wanda dutsen da ake gani a yau shi ne dai wanda maginin farko ya aza da hannunsa, kuma in so samu ne a ce ba kowa a cikinsa, domin mai kallo ya samu shirun da zai yi tunani. Mai karatu ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin ginin ƙasa na Hausa ba ya cika ko ɗaya daga cikinsu sai ya mutu.

2. Oktoba 1850: Barth a Agadas

Mun saba karanta Heinrich Barth a matsayin mai ba mu labarin Agadas da Katsina da Kano da Kukawa, mukan manta da irin idon da ya zo da shi. An haife shi a Hamburg a 1821. Tun yana ɗalibi a Berlin ya katse karatu ya zagaya Italiya. Kundin digirinsa na 1844 a kan kasuwancin tsohon birnin Korinti na Girka ya rubuta shi. Daga 1845 zuwa 1847 ya bi gaɓar Bahar Rum tun daga Tanja har Masar da Sham da Girka, yana bin kufan Rumawa da Girkawa ɗaya bayan ɗaya. Da ya taso daga Tarabulus a watan Maris na 1850 tare da Richardson da Overweg, abin da ya fara cika littafinsa da zanensu shi ne kaburbura da ƙofofin Rumawa da ke kan hanyar Fazzan, har zuwa Jarma. Wato mutumin da ya shiga Agadas a watan Oktoba na wannan shekara, yana amsa sunan Abdulkarim, gwanin karatun kufai ne kafin ya zama masanin ƙasar Sudan.

Ya tarar da birni wanda rigarsa ta yi masa yawa. Ya ƙiyasta mazauna kimanin 7000, alhali unguwanni da dama sun zama kangaye. Ya halarci naɗin Sarki Abdulƙadir da hawan babbar salla. Ya zana hasumiyar babban masallaci, zanen da ya fito cikin littafinsa mai juzu'i biyar na 1857-1858, kuma tun daga ranar hasumiyar nan ta zama fuskar Agadas a idon duniya. Sai dai akwai abin da ya kamata a lura da shi. Ruwayar gari tana danganta masallacin da Shehu Zakariya, wajen shekara ta 1515, zamanin da Askiya Muhammadu ya ci birnin, kuma wannan shekara ce littattafan jagorar baƙi suke maimaitawa. Amma hasumiyar da Barth ya zana an sake gina ta ne a 1844. Tsohon ginin da ya tsaya yana kallo shekararsa shida.

Barth ya fi waɗanda suka biyo bayansa kunne. Ya lura mutanen birnin suna da harshensu, wani reshe na Songhai, ban da Hausa da ake ciniki da ita, ya kuma tattara kalmominsa. Yau hasumiyar tana tsaye, mita 27, harshen kuwa ya ɓace daga bakin mutane, kuma ba wata hukumar da ta taɓa sanya shi cikin jerin abin da za a kare. Gidan da aka ce Barth ya sauka a ciki shi ma an mayar da shi wurin da ake kai baƙi: mai kallo ya zama abin kallo.

Ga masu son daidaituwar al'amura, bari mu ƙara da cewa bayanin Agadas na farko da ya yaɗu a Turai a birnin Rum aka rubuta shi. Hasan al-Wazzan, wanda aka kama a teku aka kai wa Paparoma Léon na 10, aka yi masa baftisma a 1520, a can ya kammala littafinsa a 1526, aka buga shi a Venise a 1550. Ya ambaci Agadas da Gobir da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Masana na jayayya a kan wanne ya gani da idonsa, wanne kuma ya ji a bakin fatake. Abin da ya dame shi dai kasuwa ne da haraji da sarauta, domin a zamaninsa kallon kangaye bai zama sana'a ba tukuna.

3. Neman Rum a cikin Sahara

Idon da ya saba da Rum, in ya shiga hamada, Rum yake nema. Henri Duveyrier, a littafinsa na 1864 a kan Buzayen arewa, ya ga siffar gicciye a makamansu da kayan adonsu, ya ɗauke ta alamar Kiristancin da aka manta. Francis Rodd, wanda ya zagaya Abzin a 1922 ya buga littafinsa a 1926, ya sake bin wannan sawu. Abin wuyan azurfar nan da maƙeransa ke kira teneghelt da haka ya samu sunan croix d'Agadez, sunan da ya bi shi har kasuwannin Paris. Daga wani ɓangaren kuma aka tono labarin da Ptolémée ya kawo na wani Julius Maternus, wanda ya yi tafiyar wata huɗu kudu tare da sarkin Garamantawa har wata ƙasa mai karkanda da ake kira Agisymba: wasu suka ce Abzin ce, wasu Tibesti, wasu bakin tafkin Cadi. Henri Lhote ya kai ga cewa rundunar Cornelius Balbus ta shekara ta 19 kafin miladiyya ta iso kogin Kwara, ra'ayin da yawancin masana ba su karɓa ba. Da aka tona kabarin Tin Hinan a Abalessa, cikin Ahaggar, a 1925, aka samu kayan da suka fito daga ƙasashen Rumawa, nan da nan aka samu masu cewa ginin sansanin sojan Rum ne.

Ba muna cewa babu wata hulɗa tsakanin gaɓar teku da tsakiyar Sahara a wancan zamani ba. Binciken da aka yi a Fazzan ya tabbatar da cinikin Garamantawa. Abin da muke cewa shi ne, har yau ba a tono ginin Rumawa ko ɗaya a ƙasar Nijar ba, kuma shekarun da aka ɓata ana nemansa suna da amfani ga siyasar mulkin mallaka. In Rum ta taɓa zuwa nan, to Faransa gadon gidansu ta zo karɓa. Wannan hujja an yi aiki da ita ƙarara a Aljeriya, inda kufan Timgad da Djemila suke a fili. A kudancin Sahara sai aka yi ta lalube.

4. Ziyara

Kada a fahimce mu da cewa mutanenmu ba su san tafiya domin ganin tsohon wuri ba kafin zuwan Nasara. Suna da tasu, sunanta ziyara. Daga Kwanni da Tawa da Maraɗi mutane suna zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato da kabarin Muhammadu Bello a Wurno. A bakin tafkin Madarunfa akwai kaburburan da ake dangantawa da waliyyai 99. Malamai kuma sukan kafa hujja da ayoyin da suka yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin wa'aztuwa da makomar mutanen farko, wato kufai yana da matsayi a tunanin Musulmi, matsayin gargaɗi.

Bambancin shi ne, mai ziyara mutum yake nufa, bango kuwa sutura ce. In aka rushe ɗakin ƙasa da ke kan kabari aka yi na siminti mai fenti, a wurinsa an girmama mai kabarin ne, albarka ba ta ragu ba. Da wannan tunani aka maye tsohon masallacin Juma'a na Kano da sabo a farkon shekarun 1950, da shi kuma ake maye masallatan ƙasa a garuruwanmu duk lokacin da wani attajiri ya samu hali. Kafin mu yi saurin zargi, mu tuna cewa Rum ma masu ziyara ta fara sani kafin masu yawon buɗe ido. Tun shekarar gafara ta farko da Paparoma Boniface na 8 ya shelanta a 1300 jama'a ke tururuwa zuwa kaburburan Bitrus da Bulus. Majami'ar da Sarki Constantin ya gina a kan kabarin Bitrus a ƙarni na 4 ta yi shekara fiye da dubu a tsaye, amma daga 1506 Paparoma Jules na 2 ya sa aka fara rushe ta domin a gina wadda baƙi ke layin shiga a yau.

5. Abin da aka nuna wa baƙi, da abin da aka tsallake

Motocin Citroën na tafiyar da aka kira Croisière noire sun ratsa Yamai da Tasawa da Damagaram a ƙarshen 1924, suka koma da fim da zane-zane, ciki har da na Sarkin Tasawa Barmu. Amma yawon buɗe ido a matsayin sana'a mai ciyar da gari sai daga shekarun 1970. Tseren Paris-Dakar na farko ya bi ta Agadas a farkon 1979. Kamfanin Mano Dayak, Temet Voyages, da wasu irinsa suka tsara hanyar da ta zama ƙa'ida: Agadas, Timiya, Asode, Iferwan, tuddan yashin Temet, sannan a ratsa Tenere zuwa Bilma da Jado. Wurare biyu na kufai da ke kan wannan hanya ba a banza aka zaɓe su ba. Asode, tsohon birnin Kel Ewey, bangayensa na dutse ne, kuma ba kowa a ciki. Jado kuwa, a saman dutsensa, yana kama da ganuwar wani basaraken Turai na tsakiyar zamani. Dukansu sun cika mudu, dukansu suna yin kyau a hoto.

Abin da ɗan jagora ba ya cika daɗewa a kansa shi ne yadda Asode ta zama kufai. Ta daɗe tana raguwa a ƙarni na 19, amma yaƙin Kawusan na 1916-1917 da ramuwar gayyar Faransawa, waɗanda suka kwashe mutanen Abzin daga garuruwansu, su suka ƙarasa ta. A Agadas ma, bayan an karya ƙawanyar da Kawusan da Sarki Tagama suka yi wa barikin soja, an kashe malaman birnin da dama a watan Maris na 1917. André Salifou ya bi diddigin wannan yaƙi a littafinsa na 1973. Gidan da aka gina wa Kawusan, daura da masallaci, shi aka mayar Hôtel de l'Aïr, inda baƙi suka yi shekaru suna hawa soro da maraice domin ɗaukar hoton hasumiya. Wasu kufaifan namu, waɗanda suka fara ɗaukar hotonsu su ne suka yi su.

Yanzu mu dubi waɗanda aka tsallake. Azelik, kusa da Tegidda-n-Tesemt, ita ce binciken Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer na shekarun 1970 ya nuna cewa Takadda ce, garin tagullar da Ibn Battuta ya sauka a 1353, ya ce ana kai tagullarsa har Gobir da Barno. Marandat, kudu da Agadas, inda Lhote ya tono dubban ƙananan tukwanen narka ƙarfe, ana ganin ita ce Maranda ta marubutan Larabawa na ƙarni na 9 da na 10, kuma Djibo Hamani ya danganta ta da zaman Gobirawa a Abzin. Birnin Lalle, kusa da Dakwaro, shi ne mazaunin sarautar Gobir bayan ta gangaro kudu, tun kafin Alƙalawa, balle Tsibiri. Kufan Kanawa, a yankin Damagaram, sunansa kaɗai ya isa ya tsayar da duk mai nazarin asalin Kano, kuma Anne Haour ta yi tono a wurin. Wanda duk zai rubuta tarihin kafuwar ƙasashen Hausa ba shi da makawa sai ya bi ta waɗannan wurare. Amma baƙon da aka kai can abin da zai gani tudu ne da katangar da ta kwanta da tarin sakaina da kashin maƙera. Ba hoto. A jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 domin neman shiga gadon duniya akwai Jado da Birnin Damagaram da fadar Zarmakoy ta Doso da Lugu da Madarunfa. Babu sunan Birnin Lalle.

Shiga idon duniya kuma yana da nasa haɗari. Maƙabartar Bura, a yankin Tera, an gano ta a 1975, Boubé Gado na cibiyar IRSH ya tona ta a 1983, ya fito da ɗaruruwan tulunan jana'iza da mutum-mutumin yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Da aka nuna su a baje kolin Vallées du Niger a Paris a 1993, ƴan kasuwar kayan tarihi suka san da su, aka shiga haƙar dare a ƙauyukan yankin, har hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sanya kayan Bura cikin jan jerinta na 2000. Dokar kare gadon al'adu ta Nijar, mai lamba 97-022, ta 30 ga Yuni 1997, ta zo ne bayan ɓarna ta yi nisa.

Ita kanta sana'ar ba ta daɗe ba. Tawayen shekarun 1990 ya tsayar da ita har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Ta farfaɗo, tawayen MNJ na 2007 ya sake kayar da ita, sace ma'aikata a Arlit a watan Satumba na 2010 ya rufe ƙofa. Da aka sanya tsohon birnin Agadas cikin gadon duniya a watan Yuni na 2013, baƙin da aka yi tanadin domin su sun riga sun daina zuwa.

6. Ginin da ake yi wa yaɓe

Tafiyar baƙi ba ta kayar da hasumiyar Agadas ba, domin tun asali ba su ne ke riƙe da ita ba. Itatuwan da suka fito daga jikinta ko'ina su ne ƙashinta, su ne kuma matakalar magina a lokacin yaɓe, aikin da fadar sarki da jama'ar gari suke ɗauka lokaci bayan lokaci. Fatar da ake gani a yau ba ta 1515 ba ce, ba ta 1844 ba ce, ta yaɓen baya-bayan nan ce. Bisa ƙa'idar Venise ta 1964, wadda ta ɗora daraja a kan ainihin kayan ginin farko, da wuya a san inda za a ajiye irin wannan gini. Sai da Japan, mai gine-ginen katako da ake sabuntawa, ta matsa aka yi taron Nara a 1994, aka yarda cewa sahihancin gini yana iya zama a cikin sana'ar da ake gada da amfanin da ake yi da shi. Kafin nan ma masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda magini Falké Barmou ya fara a 1962, ya ci kyautar Aga Khan a 1986 yana da shekara ashirin da huɗu kacal.

Saboda haka abin da ke kashe ginin ƙasa shi ne yankewar hannu: magina su tsufa ba magada, azara ta yi tsada saboda giginya ta ƙare, a lulluɓe bango da siminti ya riƙe danshi a ciki, a toshe magudanar unguwa. In ruwa mai ƙarfi ya zo sai ya tarar an yi masa rabin aiki. Ambaliyar farkon Satumba 2009 ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, ya rufta a kan masallata, aka rasa rayuka. Ranar 3 ga Satumba 2024 kuma tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama mai yawa, shekara goma sha takwas bayan an rubuta unguwar cikin jerin da muka ambata. Ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye birnin da ita tuni ba abin da ya rage sai guntaye. A ma'aunin Gibbon, ranar da masallacin ya faɗi ne ya fara zama abin kallo. Ga mutanen Birni kuwa wurin salla suka rasa.

Saura majami'u, waɗanda a Rum su ne rabin abin da baƙo ke zagayawa, a nan kuwa ba mai lissafa su cikin gine-ginen tarihi. Gaskiya ne ba su tsufa ba: ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, Fada François Faroud na ƙungiyar SMA ya kafa mishan ɗin Katolika na Yamai a 1931, shekara biyar bayan an dawo da babban birni daga Damagaram. Amma a garin da kusan dukkan gine-ginensa na ƙarni na 20 ne, gini na shekarun 1930 ko 1950 yana cikin tsofaffi, kuma ta wurinsa ake iya bin tarihin ma'aikatan Dahomai da Togo da suka cika ofisoshin mulkin mallaka, da na makarantu da asibitocin farko. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, ƴan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da wuta ta ci. An yi maganar asarar rayuka da ta zaman tare, kuma haka ya dace. Maganar takardu da hotunan da irin waɗannan wurare suke ajiyewa ba ta samu mai ɗaga ta ba. Mishan ɗin Yamai zai cika shekara ɗari a 2031. Ɗalibin da ya ɗauki tarihinsa a matsayin batun bincike zai buƙaci wasiƙu da rahotannin da limaman farko suka riƙa aikawa ga shugabanninsu, kuma babbar ma'ajiyar takardun ƙungiyar SMA, da ta Rédemptoristes da suka gaje ta a Nijar, duk a birnin Rum suke.